Gurbi na Huɗu

A ɗakin da muke killace masu annoba, shiga ba ta da wuya, fitar ce ke kashe ma'aikaci. Ka yi awa huɗu cikin rigar roba, gumi ya taru a takalmanka har yana ƙara in ka taka, tabarau ya yi hazo, ba abin da kake so a duniya irin ka fizge komai daga jikinka ka sha iska. To a daidai lokacin ne cutar take manne a bayan rigarka, tana jiran hannunka ya kai fuska.

Shi ya sa muke da jan layi. An ja shi da fenti a ƙasa, a wani ɗan ɗaki mai famfo ɗaya da kwandon shara biyu. Mai fita yana tsayawa daga ciki, mai sa ido yana tsayawa daga waje da takarda a hannu, yana kiran matakai goma sha biyu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Ba ka motsi sai an kira. In ya ga ka yi, ya sa alama, ya kira na gaba. In an yi kuskure, akwai wani fom na daban da ake cikewa a kai ofis cikin awa ashirin da huɗu.

Ni na tsara takardun nan biyu. Sati uku na yi ina tayar da jijiyar wuya a taro kafin a karɓe su, domin a asibitinmu duk abin da ka kawo sai a ce maka da can ma ai ana aiki. Ana aiki, ana kuma mutuwa, amma wannan ba ya shiga bakin kowa. Tun daga nan aka laƙaba mini Likita Fom. Ban ji haushi ba. Har wani daɗi nake ji.

Ranar Laraba da ƙarfe biyu ni ce a bakin layi, mai fita kuma Sista Agogo.

Shekararta talatin da ɗaya a aikin jinya, ba a taɓa ganin ta makara ba, shi ne asalin sunan. Ita ta koya mini nemo jijiyar jariri lokacin da na fito daga makaranta da takardar shaida a jaka da rawar hannu. Ita kuma ta koya wa kowa matakan nan goma sha biyu, har tana rera su kamar karatun 'yan firamare.

"Shida," na ce. "Cire riga, ki naɗe ta ciki ya koma waje."

Ta cire, ta naɗe, ta jefa a kwando. Kafin in buɗe baki in ce bakwai, hannunta ya tashi ya nufi fuska.

"Sista! Tsaya!"

Yatsunta sun riga sun taɓa kumatunta, daidai inda takunkumi ya ƙare. Ta tsaya cik, hannu biyu a sama.

"Bakwai," na ce. "Wanke hannu."

Ba ta motsa ba.

"Sista, bakwai. Ga famfo nan a damanki."

Ta dube ni ta cikin tabarau mai hazo. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Me ke biye, 'yata?"

Matar da za a tasa daga barci ta jero su ba gargada, ita ce take tambayata me ke biye. Na sassauta murya na bi da ita kamar mai koya wa yaro tafiya, har muka kai sha biyu. Ta wanke fuska da sabulu sau uku, ta tsallako layi, ta zauna a benci.

Na ɗauko fom ɗin kuskure. A ƙasa, inda aka rubuta dalili, gurbi uku ne: sakaci, rashin horo, rashin kayan aiki. Kayan aiki a ranar sun cika. Horo kuwa, ita ce mai horon. Saura na ɗaya. Na kuma san abin da ke bin na ɗaya, don ni na rubuta shi: takardar tuhuma, a cire mutum daga ɗakin, ya tsaya gaban kwamiti, a sa tabo a fayil ɗinsa. Saura wata goma sha huɗu ta yi ritaya. In kuma na ninke takardar na yi shiru, gobe ƙarfe takwas za ta sake shiga, ta sake fitowa, hannun nan ya sake tashi.

"Rubuta mana," in ji ta, ba tare da ta ɗago kai ba. "Ke kika kawo dokar. Sa a na farko."

"Ina da zuwa gobe."

"Ke da kike ce mana gobe ita ce ta lalata asibitin nan?"

Ta ɗauki jakarta ta fita.

A ɗakin shan shayi na tarar da Mai Gemu, nas ɗin da annoba ta aske wa gemu don takunkumi ya zauna a fuskarsa, amma sunan ya ƙi bin gemun. Yana tsoma burodi a shayi. Ya ga takardar a hannuna ya yi tsaki.

"An samu nama ke nan. Wa za a yanka yau?"

"Ba wasa nake ba. Sista ta tsallake bakwai."

Ya ajiye burodin.

"Agogo?"

"Ita."

Ya nuna mini wata kujera ta kusa da taga.

"Yaushe rabon da ki gan ta a kan kujerar can?"

Na juya na dubi kujerar.

"Sati shida. Tun da aka fitar da Doguwa daga gado na huɗu. Nan suke zama su biyu, kofi ɗaya suke sha, suna gulmar likitoci irinku. Yanzu in an tashi hutu, ɗakin ajiyar tukwanen oksijin take shiga, ta yi ta ƙirga su. Ta gama ta sake. Kowa ya sani."

"Kowa ya sani, ba wanda ya faɗa?"

"A faɗa a ina, Likita? A wane gurbi? Ke takarda kike dubawa, mu kuma kowa yana ta kansa. Ni ɗin nan da kike gani, in firjin gidanmu ya yi ƙara sai in zabura in ce gado na nawa ne. Matata har ta daina dariya."

Doguwa nas ce, ƙawar Sista tun suna makarantar jinya. Cutar ta kama ta, muka kwantar da ita a ɗakin da take aiki, ta yi kwana goma sha ɗaya ta cika. An liƙa hotonta a allon sanarwa, an yi shiru na minti ɗaya, shugaban asibiti ya kira mu jarumai. Daga nan kowa ya koma bakin aiki. Wannan kalma ta jarumai na tsane ta har cikin raina. Da ita ake rufe wa mutum baki. Jarumi ba ya cewa ya gaji, ba ya neman hutu, ba ya kuka a banɗaki. In ka kira mutum jarumi ka huta da tambayarsa ko ya yi barci.

Bayan la'asar na tafi gidanta. 'Yarta ce ta buɗe mini ƙofa, ta nuna mini bayan gida da haɓa.

"Tana sito, Anti. Sati goma sha ɗaya ke nan, wai kada ta shafa mana cutar. Mun yi magiya har mun gaji."

Ɗakin ajiyar kaya ne, an ture buhuna gefe an shimfiɗa katifa. A bakin ƙofa akwai 'yar kujera da ake ajiye mata abinci, kwanon rana yana nan a rufe ba a taɓa ba. A jikin bango ta liƙa takardun da jikarta take turo mata ta ƙarƙashin ƙofa, zanen wata mata mai katon kai da allura a hannu. Ta fito da kujera ta ajiye mini nesa da ita, taku huɗu, ta ƙirga su da ƙafa.

"Kin kawo in sa hannu?"

"Na zo gaishe ki, Mama."

"Yau kuma na zama Mama. Lallai abin ya yi tsanani."

Wata kaza ta ratsa tsakaninmu ba ruwanta da taku huɗu.

"Me ya faru a bakwai?" na ce.

Ta daɗe tana murza yatsunta. Fatar hannun duk ta tsage saboda wanki.

"Ni ce na tsaya wa Doguwa a layi," in ji ta. "Wata Asabar. Na kira shida, ta cire riga. Sai aka ƙwala mini kira daga baranda, oksijin ɗin gado na tara ya ƙare. Na juya na ce su ɗauko tukunyar bayan ƙofa, a cike take. Magana ɗaya. Da na juyo, tabarau yana hannunta, tana yi mini dariya, wai in yi sauri fitsari ya matse ta."

"Ta wanke hannun?"

"Ban gani ba." Ta ɗago ta dube ni. "Ban gani ba, 'yata. Wataƙila ta wanke. Ai ta san aikinta. Wataƙila kuma ta jira ni, ban kira ba, ta wuce. Na dubi takardarki, gurbi ne kawai, ko alama ko babu. Na sa alama. Bayan kwana takwas zazzaɓi ya rufe ta."

"Ba ki tambaye ta ba?"

"Kwana goma sha ɗaya ina juya ta a gado. Kullum in ce yau zan tambaye ta. In tambayi mai neman numfashi ko ni na kashe ta?"

Na ce mata abin da na sani. Doguwa motar haya take shiga kullum, maƙwabcinta ya kwanta kafin ita, a makon nan ma'aikata uku suka kamu, ba wanda zai iya cewa ga inda ta ɗauka. Duk gaskiya ne. Ta saurare ni kamar yadda majinyaci ke sauraron likitan da ya san ba shi da magani.

"Na san wannan duka. Ni ma haka nake gaya wa kaina da rana. Amma da na tsaya a layin nan aka ce shida, sai in gan ta da tabarau a hannu. Yau sai na ji kamar hannuna ba nawa ba ne." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ki sa sakaci. Bai dace da yau ba, amma ya dace da waccan Asabar. Ko ba komai an rubuta shi a wani wuri."

A nan ne na gane abin da na aikata. Na zauna a ofis da kwamfuta na tsara takarda don in kama malalata, na ba ta gurbi uku, duka na neman mai laifi. Ban bar inda mutum zai ce ban gani ba. Ban bar inda zai ce na kai ƙarshe ba. Matar da ba ta taɓa ƙarya a aiki ba, takardata ta sa ta yi, ta kuma bar ta da ita sati shida a cikin sito.

"Waye ya kamata ya kula da oksijin ranar?" na ce.

"Ni."

"Ke kuma kike layi?"

"Ai tun da aka buɗe ɗaki na biyu haka ake. Mai sa ido shi ne mai oksijin. Ba mutane."

"Ki bar ni in faɗa wa kwamiti."

"Maganar Doguwa? Wallahi in kika fitar da ita ban yafe ba. 'Ya'yanta suna kirana Umma. Kina so su ji a bakin 'yan ofis?"

Na yi mata alkawari. Da na shiga mota na ɗauko fom ɗin, na ɗora a kan sitiyari, na zana gurbi na huɗu da biro a ƙarƙashin ukun, a karkace. Na rubuta: gajiyar jiki da ta zuciya. Na sa alama.

Washegari kafin ƙarfe goma na zaga da sababbin fom guda ashirin, kowanne na zana masa gurbin da hannu. Na ce duk wanda ya san ya yi kuskure a watan nan ya ɓoye, ya rubuta, ni zan fara. Wasu suka dube ni kamar na haukace. Mai Gemu ya karɓa yana cewa in aka kore shi gidana zai tare da 'ya'ya biyar. Tara suka dawo mini a cike. Da nawa goma, da na Sista sha ɗaya.

Kwamitin mutum uku ne, amma shugaban asibiti ne mai magana. Ba mugun mutum ba ne. Irin mutanen nan ne da suka daɗe a kujera har suka ɗauka in takarda ta yi kyau to komai ya yi kyau. Ya ɗaga fom ɗin Sista da yatsu biyu.

"Likita, mene ne wannan?"

"Dalili ne, yallaɓai."

"Kwamfuta gurbi uku ta sani. Ke kika ba mu su. Har kika ce mana a taro wanda ya ƙi cikewa maƙiyin majinyata ne."

"Na faɗa. Na yi kuskure."

"A rubuta wannan, yau Likita Fom ta yi kuskure." Sauran biyun suka yi dariya. "Duba, kowa ya gaji. Ni ma na gaji. In muka buɗe wannan ƙofa, gobe duk wanda ya yi barci a bakin aiki zai ce zuciya ce. Sista jaruma ce, za mu yi mata sassauci. Ki sa a na ɗaya, mu ba ta gargaɗi kawai."

"Gargaɗi a kan me, yallaɓai? Ta daina zama mutum?"

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi sati goma sha ɗaya." Na zube sauran takardun a gabansa. "Wannan na sama nawa ne. Ranar Litinin na rubuta wa mutumin gado na biyu magani, na sa hannu, alhali ya rasu tun Lahadi, ni na rufe masa ido. In na koma gida sai in yi awa guda a mota ban iya buɗe ƙofa ba. In sakaci ne, a fara da ni. Ga na mai ɗaukar jini, ya manna sunan wani a kwalbar wani, Allah ya sa ya gane kafin ta bar hannunsa. Ga na mai shara. Ba ɗaya daga cikinsu da ya zo ofis, domin duk wanda ya kawo kansa yanka shi za a yi. Kuna ganin rahoto ba kuskure kuna murna. Ba kuskuren ne babu ba, tsoro ne ya yi yawa."

Ya fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Dariyar ta ɗauke.

Na ajiye jadawalin aiki na wata biyu a kai. Na ja layi a ƙarƙashin duk ranar da mai sa ido shi ne kuma mai oksijin. Kwana arba'in da uku.

"Mutum ɗaya, ido biyu, kun ba shi wuri biyu ya duba. In ya juya, wa ke kallon mai fita?"

"An taɓa samun matsala ne?" ya tambaya.

Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Da na faɗe ta, da an gama gardama a nan take. Na haɗiye ta.

"Ba sai an samu ba, yallaɓai."

Ba duk abin da na nema na samu ba. Na nemi a kawo likitan ƙwaƙwalwa ya riƙa zama da ma'aikata duk mako, aka ce za a duba, na kuma san ma'anar za a duba. Gurbi na huɗu an ce a ci gaba da zana shi da biro kafin a gyara kwamfuta, har yau da biro muke zanawa. Amma an raba layi da oksijin daga ranar. Sista kuma ba tuhuma, ba gargaɗi, ba tabo a fayil. An rubuta mata hutun sati biyu, dole.

Ba ta gode mini ba. Da na kira ta na gaya mata, cewa ta yi, "Shekara talatin da ɗaya ban taɓa fashi ba, kin zo kin ɓata mini lissafi da bironki." Ta kashe waya. 'Yarta ce ta riƙa ba ni labari. An yi mata gwaji sau biyu ba ta ɗauke da komai. A kwana na tara ta yarda ta fito daga sito, jikar ta haye cinyarta ta ƙi sauka har aka yi sallar magariba da ita a maƙale. Na nemo wata tsohuwar malamarmu mai duba masu damuwa, na tura mata lambar Sista. Sau biyu Sista tana kashe mata waya, a na uku suka yi awa guda.

Ranar da ta dawo, bakwai da rabi tana bakin ƙofa. Da aka tashi fita ta leƙo ta gilashi ta nuna ni da yatsa.

"Ke. Likita Fom. Zo ki tsaya mini."

Na ɗauki takarda na tsaya a bayan jan layi. Ɗaya, biyu, uku.

"Shida. Cire riga."

Ta cire, ta naɗe, ta jefa. Ta tsaya, hannu biyu a gaba, tana kallona. Daga baranda wani ya ƙwala kiran Likita. Ban juya ba. Aka sake kira. Na ji Mai Gemu yana cewa a bar ta, tana layi.

"Bakwai," na ce. "Wanke hannu."

Ta buɗe famfo da gwiwar hannu. Na kalli kumfar tana shiga tsakanin yatsunta, na kalli ruwan yana wanke ta, sai da ta rufe famfon sannan na sa alama.

Da muka kai sha biyu ta tsallako ta zauna a benci, ta matsa gefe ta bubbuga wurin da ta bari.

"Zauna. Jiya awa nawa kika yi a mota?"

"Mama, ana kirana."

"Akwai wasu likitocin. Na ce awa nawa?"

Na zauna.